Namijin Tarwaɗa na Ƙarshe

Makon jiya wasu samari uku suka zo wurin kifina a bayan garin Kura, kowa da waya a hannu. Sun ce sun kalli yadda ake ƙyanƙyasar tarwaɗa a cikin wayar, kuma mai yin ya gama kafin shayi ya huce. Babbansu ya ce, "Baba, ashe abin ba wuya. Allura, a matse ƙwai, a gauraya, shi ke nan." Na ce to. Har sun juya za su tafi, ɗaya ya waiwayo ya ce, "Af, Baba, kai ma irin Garba kake kiwo?" Wannan tambayar ce ta sa na sayo littafi mai layi na zauna rubutu. Iyakata aji shida na firamare, duk inda aka ga magana ta karkace a yi haƙuri. Amma abin da na rubuta sai da na sake dubawa sau biyu, wani wurin sau uku, don kada in ɗora wa wani abin da bai yi ba.

Sunana Hashimu, amma a bakin kanal ba mai kirana haka. Malam Kar-dai ake ce mini, kuma Garban nan ne ya laƙa mini sunan tun muna samari, wai ba na buɗe baki sai na ce kar dai ruwan ya yi zafi, kar dai ragar ta yage. Ni da shi tare muka koyi sana'a a hannun Baba Audu, wani masunci mutumin Bunkure, Allah Ya jiƙansa. Na riga Garba zuwa da wata huɗu. Yanzu ba mai tuna wannan sai ni.

Aikin farko da Baba ya ba ni ɗinkin raga ne. Kwana arba'in ina zaune a gindin tsamiya da zare da ɗan itacen saƙa, ina toshe ramukan kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya maƙale. Idan ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi sai in warware layin gaba ɗaya. Da Garba ya zo, kwana uku ya yi a gindin tsamiyar, Baba ya duba ɗinkinsa ya yi dariya ya ce, "Tashi, kai ba maɗinki ba ne," ya shiga da shi jirgi. Ni da na iya aka bar ni da raga, shi da bai iya ba aka kai shi ruwa. Daga baya ni ma an shigar da ni, amma haka aka fara.

Gaskiya kuwa Garba yana da hannu. Zai zura hannu cikin ruwan da ba ka ganin komai, ya shafa cikin tarwaɗa sau ɗaya ya ce, "Mace ce, saura kwana goma ƙwanta ya nuna." Ni sai na fito da ita, na juya ta, na duba ƙasan cikinta, na ga ko zagaye ne irin na mace ko tsini ne irin na namiji, na matsa a hankali, sannan in faɗi abin da ya riga ya faɗa. Masunta suna ce masa Garba Hannu. Ban taɓa jin an ce Hashimu Ido ba, ko da yake sau biyu na gano abin da hannunsa ya kuskure.

Da rani Baba kan tafi da mu su a kogin Binuwai, wajen Ibi, mu yi wata uku. A can na fara ganin kunamar ruwa. Ku samarin nan ba ku san ta ba, ba ta cikin ruwanmu na Kano. Kifi ne falan-falan, zagaye kamar faifai, idanunta a sama, bakinta a ƙasa, ga doguwar wutsiya kamar bulala mai ƙaya ɗaya da ke da haƙora. Ba ta da ƙashi irin na sauran kifi, guringuntsi ne. Tana binne kanta a yashi, wanda ya taka ta sai ya yi jinya. Shi ya sa masuntan can suke jan ƙafa a ƙasa in sun shiga ruwa, ba sa ɗagawa. Namijin kana gane shi da wasu abubuwa biyu dogaye a gindin wutsiya. Tun ranar farko Baba ya kafa mana doka: duk wadda muka kama muka ga bayanta ya kumbura wajen wutsiya, mu sake ta a nan take, kada ta kwana ko ta wuni a jirgi.

Wata safiya Baba yana fama da zazzaɓi, ni da Garba muka fita jan kalli. A wannan makon Garba ya kama giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka, duk inda ka zauna a bakin gaɓa zancensa ake yi. Sai ga kunamar ruwa a ɓangarena na ragar, babba, ta fi faifan da ake rufe tukunyar biki. Bayanta a kumbure.

Garba ya ce, "Kar-dai, mai ciki ce. Sake ta."

Na ce, "Bari dai Baba ya gani tukuna, sai in dawo da ita da kaina."

Ya ce, "Gaɓar da nisa fa."

Na ce, "Ai zan zuba mata ruwa."

Na kwantar da ita a ƙasan jirgi, ina ɗebo ruwa da ƙwarya ina zuba mata. Ba mu kai rabin hanya ba ta fara makyarkyata, sai ga wani abu ya fito daga ƙasanta a naɗe kamar an naɗe ganye. Ya warware, ashe ɗa ne, kamarta sak, bai kai tafin hannuna ba, har da 'yar wutsiyarsa. Sai na biyu ya biyo. Lokacinsu bai yi ba, tsoro da wahala ne suka sa ta zubar da su. Suka ɗan motsa suka daina. Kafin jirgi ya taɓa yashi uwar ma ta daina.

Baba ya fito da bargo a kafaɗa ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Tarwaɗa ƙwai take zubawa, ba a iya ƙirgawa. Wannan haihuwa take yi kamar akuya. Wata da watanni tana ɗauke da biyun nan, tana ciyar da su da wani ruwa kamar nono a cikin cikinta. Su ke nan abin da za ta ba kogi bana." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hashimu, rai uku ka kashe don in ce maka sannu. To, sannu."

A zuwanmu na ƙarshe Binuwai, wata uku muka yi ba mu ga ko ɗaya ba. Wani tsohon masunci na can ya ce mana jikokinsa sun ɗauka tatsuniya yake musu. Ban ce ni na ƙarar da su ba. Amma uku daga ciki na san inda suka tafi.

Da kifi ya ragu a kogin Kano ma, Baba ya koma ƙyanƙyasa. Wasu ma'aikatan kifi ne suka nuna masa allurar da ke sa ƙwai ya sauko, sauran shi ya gano da kansa. Bai yarda ya sayi iyaye daga wajen masu kawowa a mota ba. Shi ya riƙa kamo su ɗaya-ɗaya daga kogi, ƙasa da Tiga, yana zaɓen masu faɗin kai da ƙarfin jiki. 'Ya'yansu suna jure zafin bazara da sanyin ruwan hunturu, ba sa yawan fitowa da karkataccen baya. Kuma duk ƙyanƙyasar da ya yi, idan 'ya'yan suka kai tsawon yatsa, sai ya cika roba ɗaya ya kai kogi ya juye. Rabon kogi yake kiran wannan. Ya ce tun ranar kunamar nan ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara ɗiba kawai ba tare da mayarwa ba.

Ga kayan aikin, tun da kun ce ba wuya. Sikeli, don allurar da nauyin uwa take tafiya, in ta yi yawa cikin ya fashe, in ta yi kaɗan ƙwai ya ƙi saki. Sirinji sabo. Tawul mai laushi da za a rufe mata kai, don in ba ta gani ba ta fiye fizga ba. Roba busasshiya ƙarau, domin ɗigon ruwa ɗaya in ya riga ruwan namiji taɓa ƙwai, bakin ƙwan ya rufe, an yi asara. Reza. Ruwan gishiri irin na asibiti. Gashin kaza na gaurayawa. Ragar gidan sauro da za a shimfiɗa ƙwan a kai cikin tanki. Sai siririn tiyo na zuƙe ƙwan da ya mutu, wanda yake yin fari, kafin ya ruɓe ya kashe na kusa da shi. Ni har da ma'aunin zafin ruwa nake da shi. Garba gwiwar hannu yake tsomawa.

Abin da wayarku ta wuce da sauri shi ne maganar namiji. Mace in an matse ta, a mayar da ita ruwa, ta huta wasu watanni, ta sake cika. Namijin tarwaɗa ba a matse shi, ba ya ba da komai ta haka. Sai an yanka shi, an tsaga ciki, an ciro 'yan jakunkuna biyu da ruwansa yake ciki. Kuma ba ka sanin abin da ke ciki sai ka tsaga. Wani ka same shi fari tas kamar kindirmo, wani ka same shi tsararo kamar ruwan wanke shinkafa, ka kashe shi a banza. Sannan da zarar an yi wa mace allura, ba a fasawa. Da zafi, in an yi da hantsi, zuwa la'asar ƙwai ya sauko. In ka makara ya lalace a cikinta, wani lokacin ya tafi da ita.

Da gwiwoyin Baba suka gaza, wata Juma'a bayan an sauko ya kira mu zaurensa a Bunkure. Iyayen da ke hannunsa a lokacin mata goma sha biyu ne, maza tara. Ya ce, "Garba, kai ka riƙe matan. Hashimu, kai ka riƙe mazan."

Na ce, "Baba, kar dai ban ji daidai ba. Shi an ba shi masu haihuwa, ni an ba ni masu mutuwa?"

Garba ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya.

Baba ya ce, "Da na ba wannan mazan, wata uku zai yanka su duka. Kai kuwa ba za ka sa reza a cikin kifi ba sai ka yi tunani kwana bakwai. Kuma haka nake so, kada ɗayanku ya ƙyanƙyashe ba tare da ɗan'uwansa ba, har sabbin iyaye su taso."

Bai ga damina ba ya rasu. Muka yi ƙyanƙyasa ɗaya tare, na ba da maza biyu, aka samu 'ya'ya masu kyau, muka raba daidai, kowa ya ware waɗanda za su zama iyaye nan gaba. Amma da yake ba a son yawo da mace mai ƙwai, a wurin Garba aka yi aikin, can masu saye suka riƙa zuwa. Akwai wani Alhaji daga Kumbotso mai tankuna da yawa, ya zo ya tarar da ni ina zuƙe mataccen ƙwai da tiyo, bakina duk ƙarni. Ya gaisa da Garba hannu biyu, ya dube ni ya ce, "Wannan ne mai kawo maka mazan?" Garba ya ce, "A'a, Alhaji, abokin aikina ne." Ya faɗa kam, ba zan ce bai faɗa ba. Amma Alhajin ya riga ya juya yana kallon tanki. Daga bakinsa aka fara cewa irin Garba.

Sai mummunar shekarar ta zo, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir daga Kadawa har nan. Gona ka gan ta kore yau, jibi ta zama kamar an babbake. Manoma suka ruɗe, ba na ganin laifinsu. Feshi safe da yamma, wasu su haɗa magani biyu ko uku a tulu ɗaya, in sun gama su wanke injin feshin a ƙaramin kanal. Daga wannan kanal ɗin ni da Garba muke jan ruwa, ni a sama, shi a ƙasa da ni da tafiyar minti ashirin a babur.

Ni ina da wata al'ada da aka daɗe ana mini dariya a kanta. Ba na sakin ruwan kanal cikin kandami sai na tara shi a durom, na jefa 'yan karfasa biyar, sun kwana sun wuni. Wata safiya na leƙa durom na ga duka biyar ɗin sun juya ciki sama. Na toshe hanyar ruwa. Amma kandamina na ƙasa ne, ba na siminti ba, kuma yana gangaren wata gonar tumatir, ruwan gonar ya riga ya tsattsafo ciki. Kifi suna ta haɗiyar iska a sama. Na shiga da koma, ragar kwasar kifi. Cikin maza bakwai da suka rage, biyu na fitar da rai. Sabbin iyayen da nake reno duk suka tafi. Na sa biyun a jarka na kai gida, na zuba su a tankin siminti da ruwan rijiya.

A nan akwai abin da zan rubuta, na kuma goge shi sau biyu kafin in bar shi. Ina da waya a aljihu, akwai kati a ciki. Tun da na ga karfasan nan na tuna Garba yana buɗe ruwa da hantsi. Na ce a raina, ai mai hannu ne, zai gane da kansa. Na ce bari in gama da nawa tukuna. Sai da aka yi azahar na hau babur na je. Na tarar da shi tsaye cikin ruwa iya ƙugu, yana jefo matan Baba kan gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ce tak ta rayu, ita ma don ya ware ta a baho tun jiya saboda ta ji ciwo a baki. Sabbin iyayen da shi ma yake reno duk sun tafi.

Abin da ya rage ke nan na duk abin da Baba ya tara: mace ɗaya a wurin Garba, maza biyu a wurina.

Bayan kamar mako uku Garba ya zo ya ce cikinta ya yi laushi, ƙwai ya nuna. Na ce kar dai maganin ya taɓa ƙwan, a bari. Ya sake zuwa, na ce zafi ya yi yawa, a jira ruwan farko. Gaskiyar magana ita ce kullum da safe ina tafiya kogi da ragata, ina neman mace tawa ta kaina. Na ƙudurta in na samu zan ƙyanƙyashe a gidana, in ga ko za a ce irin Hashimu. Kwana tara na yi. Abin da na samu bai wuce 'yan ƙananan da ba su kai a ci ba. Masu kamun kifi da ragar gidan sauro sun share kogin, har 'ya'yan da ba su kai farce ba sun kwashe. Irin matan da Baba yake kamowa babu su.

Rana ta goma da hantsi ina wanke tanki sai na ji babur. Garba ko sauka bai yi ba.

Ya ce, "Kar-dai, na yi mata allura."

Na ce, "Ka yi mata me?"

"Allura. Yanzun nan. La'asar za ta sauko."

Na ce, "Da izinin wa? Kai kullum haka kake, ka yi abu sannan ka zo ka faɗa! In na ce ba zan bayar ba fa?"

Ya ce, "Sai ta mutu da ƙwanta, ka zauna da gwaurayenka biyu kuna kallon juna. Ni dai na faɗa maka." Ya tayar da babur, ya ƙara da cewa, "Ɗaya ya isa. Kar ka ce na cinye maka gado."

Na zauna a bakin tanki. Na ce ba za a yi mini dole ba. Na ci gaba da wanke abin da na riga na wanke. Aka kira azahar na je na dawo. Matata Talatu ta kawo mini abinci ta ajiye, ta leƙa tankin ta ce, "Malam, mazan nan da kake gadi, su za su haifa maka da kansu?"

Na ce, "Ba ki san komai a kan kifi ba."

Ta ce, "Ban sani ba kam. Amma na san kai ka ba ni labarin wadda ka riƙe a jirgi kana zuba mata ruwa da ƙwarya. Inuwa ta juya, Malam."

Ta shige ciki. Na duba inuwar katanga, ta kai rabin tsakar gida. Na tashi na ɗauko jarka. Garba ɗaya ya ce, amma ni na san ba a sanin cikin namiji sai an tsaga, saboda haka duka biyun na ɗauka. A hanya ko ina na ga rami sai na sauka daga babur na tura, kar dai su bugu.

Na same shi ya riga ya naɗe uwar a tawul, da ya taɓa cikinta ƙwai ke zubowa da kansa, launin ganye mai duhu. Zai fara matsa na ce, "Tsaya! Namiji tukuna. In ka matse ta muka tarar babu komai fa?" Ya ce, "Kai dai da kar-dai ɗinka." Amma ya tsaya.

Na ɗauki ƙaramin, na yi bisimilla, na yanka, na tsaga. Jakunkunan sirara ne, jajaye-jajaye. Na tsaga su da reza na matsa, abin da ya fito tsararo ne. Garba ya leƙa, ya sake leƙawa.

Ya ce a hankali, "Hashimu, ka zo da ɗayan?"

Shekara da shekaru bai kira ni da sunana ba.

Ɗayan shi ne babban, mai guntun gashin baki ɗaya, wanda Baba ya kamo da hannunsa a shekarar da ya fara. In na yanka shi, ba ni da sauran komai na Baba. In shi ma babu komai a ciki, mun kashe duka ukun a yini ɗaya. Na ajiye rezar na goge tafina a riga, na sake ɗauka. Na yanka. Na tsaga. Jakunkunan suka fito manya, farare, bakinsu kamar an yi musu ado. Da na tsaga su, ruwan ya sauko cikin kofi kamar kindirmo.

Garba ya matse uwar cikin busasshiyar roba, a hankali, daga ƙirji zuwa ƙasa, har sai da ya ga alamar jini ya tsaya. Na zuba ruwan namijin da na sirka da ruwan gishiri, na gauraya da gashin kaza ina ƙirga numfashina, sannan muka ƙara ruwa mai tsabta, ruwan rijiya, muka shimfiɗa ƙwan a kan raga, ba ɗaya a kan ɗaya. Muna cikin shimfiɗawa na ce, "Garba, ranar da ruwa ya ɓaci, tun da safe na sani. Ina da waya ban buga maka ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani. Da ka zo, rigarka ta riga ta bushe." Ya ci gaba da baza ƙwai da gashin kaza. Can ya ce, "Da ka bugo ma ba lallai in ji ba. Kai da kullum cikin kar-dai kake, ina zan gane ranar da ta zama gaskiya? Riƙe robar da kyau, kana karkata ta."

Haka yake. Ko laifin ma bai bar mini shi cikakke ba.

Washegari wajen la'asar ƙasan tankin ya yi baƙi da 'yan wutsiyoyi suna rawa. Kwana uku ba su ci komai ba, suna shan abin da suka fito da shi a ciki, sannan muka fara ba su abinci. Ni na riƙa zuƙe datti safe da yamma, ni na riƙa tsame masu saurin girma kafin su haɗiye 'yan'uwansu. Da suka kai yatsa muka raba, kowa ya sami maza da mata. Da ruwan sama ya sauka kogi ya wanke, muka cika roba muka kai rabon kogi. Ni na ɗauko robar tun daga bakin hanya, amma da muka isa gaɓa hannuna ya gaji na miƙa masa, shi ya juye. Masuntan da ke wurin shi suka gani. Har yau muna kaiwa duk shekara, kuma yanzu ba na miƙa robar.

Duk tarwaɗar da ake ce wa irin Garba a Kura da Bunkure da Kumbotso, daga wannan la'asar ɗin ta fito. Kan babban namijin na busar, yana nan rataye a rumfata kusa da sikeli. Masu saye suna wucewa ta ƙarƙashinsa kullum, ba wanda ya taɓa tambaya.

Samarin nan uku kuwa, shekaranjiya suka dawo. Ashe daga wurina wurin Garba suka nufa. Na ce, "Me ya dawo da ku? Ba ga mai hannu can ba?"

Babban ya sosa ƙeya ya ce, "Shi ya turo mu, Baba. Ya ce ba zai nuna mana allura ba sai mun zo wurin Malam Kar-dai ya koya mana tsoro."

Na sa suka cika durom da ruwan kanal, na jefa karfasa biyar, na ce su dawo gobe su gaya mini ko suna da rai. Na karɓi lambar wayar kowannensu, na ba su tawa da ta Garba, na ce duk wanda ya ga ɗaya ta juya ciki, kafin ya yi komai ya buga. Sun zo jiya, sun zo yau, karfasan suna nan lafiya, har sun fara gajiya da kallonsu. Na san in sun gama wurin Garba za su koma, kuma in an tambaye su wa ya koya musu sana'a, na san sunan da za su faɗa. Gobe dai zan canza musu ruwan durom ɗin, su sake daga farko.